Fili Mai Lamba Arba'in da Bakwai

“Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai.”

Shugaban sashen filaye ya dube ni kamar bai ji ba. Taswirar gidaje ɗari uku ce a gabanmu, shirin ƙaramar hukuma na shekara ashirin, ni na zana ta. A bakin ƙofa mai awon filin yana tsaye, takalminsa duk laka, alhali wata biyar ba a yi ruwa ba.

Kwana uku kafin nan na fara ganinsa. Ya ce in zo in ga abin da takarda ba ta nunawa. Da rana tsaka muka isa. Ba tsuntsu, ba tururuwa, awaki ma kewaye wurin suke yi. Ya tumɓuke ɗaya daga turakun awon filin ya miƙo mini. Gindinsa baƙi ƙirin, yana ɗigar ruwa, ƙananan katantanwa manne da shi. Haka na biyu, haka na goma. Da muka yi shiru sai na ji ƙasa tana numfashi a ƙarƙashin ƙafata.

“Tsohon tafki ne aka cike, Hajiyar taswira,” ya ce. “Barci yake yi, bai mutu ba.”

Ranar da na ƙi aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil. A gida abin ya fi zafi. Shekara goma sha takwas Baba yana haya, fili mai lamba arba'in da bakwai a taswirar kuma nasa ne. Da mai awon ya nuna yana so na, Baba ya rantse mai lakar nan ne ya juya mini kai, ba zai ba shi ni ba. Ɗan kwangilar da zai gina gidajen ya aiko neman aurena, na ce ya fara gwada kwana a filin.

Saƙon mai awo ya shigo: “Hajiyar taswira, in kin janye ba zan ga laifinki ba. Ni dai ina nan, kamar turke.”

Na rubuta masa: “Wanke takalminka, ka je ka gaida Kawu.”

Aikin ya tsaya. Da damina ta faɗi ruwa ya taso daga ƙasa, shiru, ya shanye turakun. Baba ya daɗe a gefe yana neman lambarsa. Da ya dawo ya ce wa Kawu a sa rana.

An ɗaura mana aure, Baba ya sa albarka da bakinsa. Amma an cire sunansa daga sabon jerin masu filaye, har yau haya yake. Ni kuma shekara huɗu ke nan ina kaɗe ƙurar fayil, ba a sake ba ni taswira ba.