Kalar Gyaɗa

A wani ƙauye can da, an yi wata mata mai noman gyaɗa. Ran wata Lahadi a majami'a ta ji an karanta cewa mai girbi ya bar abin da ya zube domin matalauci da baƙo.

Da ta cire gyaɗarta, sai ta bar wadda ta maƙale cikin ƙasa ba ta tona ba. Amma abu ɗaya ya hana ta sakat: ko wa zai zo kala?

Ta laɓe bayan tsamiya. Zabi suka zo, suka tafi. Ta ce, "Ko wa zai zo kala?"

Can sai ga wata da ƙwarya, tana waige-waige. Ashe maƙwabciyarta ce, wadda awakinta suka cinye mata wake bara, ko haƙuri ba ta ba ta ba.

Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki sanda, ta ajiye, ta nufi gidan dattijon da ya yi karatun.

Ta ce, "Baba, duba mini wurin nan da kyau. Ba a ce ban da mai awaki ba?"

Dattijo ya buɗe littafin, ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya ce, "'Yata, ban ga ban da kowa ba."

Ta yi godiya, ta tafi.

Washegari ta cire ragowar gyaɗar, ta bar wadda ta maƙale cikin ƙasa kamar jiya. Ta wuce tsamiyar nan, ta nufi gida, ba ta ko waiwaya ba.