Kalmar Sirrin Auta

Auta na zaune a ƙasan falo ta baje takardu har bakin ƙofa, kwamfuta a cinyarta, Umma na gefe tana ninke kayan wanki, sai ga Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Akantar gidanmu, furojet ɗin nan dai ya ƙi ƙarewa?"

"Saura babi biyu, Yaya. Ka yi a hankali, kana taka min ƙa'ida."

Auta 'yar ajin ƙarshe ce a sashen akanta. Bincikenta a kan yadda kamfanoni ke rubuta kayan da suka karɓa haya ne a littattafansu, kuma ƙa'idar abin ta sauya, akwai tsohuwa akwai sabuwa. Duk suna cikin databes, wato rumbun takardu na intanet, da laburaren makarantarsu ke biya wa ɗalibai, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. A laburaren ta haɗu da ma'aikacin sashen kwamfuta, wanda take kira Malam, 'yan gidansu kuma suka laƙaba masa Ɗan Laburare. Ranar farko ta zuba taken furojet ɗinta gaba ɗaya a akwatin bincike, takardu suka zubo mata dubbai, ta zauna kamar za ta yi kuka. Shi ya nuna mata ta rubuta kalma biyu kawai, ta tace da shekara, sannan ta riƙa duba saman kowace ƙa'ida ta ga ko tana aiki ko an maye gurbinta. Daga koyon bincike aka zarce inda ake zarcewa, har ya zo ya gaida Abba.

Yaya ya zauna a hannun kujera ya haɗe rai. Yana da ɗan ofishin binciken asusu, kuma mutum ne mai kirki, sai dai abu in ya shiga hannunsa ba ya son fita.

"Umma, kin san saurayin 'yarki ya kunyata ni? Na ce ya ara min fasuwod ɗinsa, kalmar sirrin nan, in sauke ƙa'idojin nan don ofis, ya ce wai ba nasa ba ne. Bai ma shigo gidan ba ya fara yi mana rowa."

"Ba rowa ba ce, Yaya," in ji Auta. "Yarjejeniya ce, ɗalibai da ma'aikata kawai..."

"To ke ba ɗaliba ba ce? Kawo naki."

Ta dubi Umma tana neman ceto. Umma ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba shi mana, yayanki ne. Karatu ne fa, ba sata ba."

Auta ta san Malam ya sha gaya mata kada ta ba kowa. Amma wannan Yayan shi ya goya ta, shi ya fara kai ta makaranta. Ta karɓi wayarsa ta rubuta masa, tana cewa, "Kai kaɗai fa, kuma ɗaya bayan ɗaya."

Yaya kuwa ya ga banza ta faɗi. Ya raba wa duk ma'aikatansa, ya ce su kwashe komai, tsohuwa da sabuwa, har da sharhin masana, don kada a sake wahala. Abin da bai sani ba, kamfanin databes na lura da irin wannan ɗiba. Da suka ga suna ɗaya yana sauke takardu daga kwamfutoci da yawa lokaci guda, sai suka rufe wa makarantar gaba ɗaya.

Da Auta ta shiga laburare washegari, ta tarar da 'yan ajinsu cirko-cirko. Kowace kwamfuta saƙo ɗaya take nunawa, an dakatar da shiga. Ga ranar miƙa furojet ta matso. Wata ƙawarta na share hawaye tana cewa duk wanda ya jawo musu wannan Allah ya isa. Nan take Auta ta tuna da kalmar sirrin da ta ba Yaya.

Malam ya fito daga bayan kantarsa ya yi mata alama, suka koma tsakanin kantocin littattafai.

"Kamfanin ya turo sunan da aka yi amfani da shi," ya ce a hankali. "Naki ne. Zan kai wa shugabar laburare yanzu, amma na so ki fara ji daga bakina."

"Malam, don Allah ka ce sacewa aka yi. Ana satar fasuwod ai, wa zai gane?"

"Ni zan gane. Ke ma."

"Sunana zai ɓaci, Yaya zai tsane ka, Abba kuma... ka san maganarmu ba ta ma tsaya da ƙafarta ba."

"Na sani." Idanunsa sun yi ja. "Wallahi da za a ce in ɗauke miki hukuncin da na ɗauka. Amma in na ce sata ce, za a fara zargin yaran da ke zama kusa da ke. Ba zan iya ba."

"Ashe aikinka ya fi ni."

Ta juya ta fita, ta zauna a matakalar waje ta yi kuka mai isarta. Haushinsa take ji sosai, amma ta fi jin haushin kanta, domin ta san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta share fuska ta koma ciki. Ta same shi a ƙofar ofishin shugaba yana jiran a ba shi izini, ta wuce shi ta ƙwanƙwasa da kanta.

Shugabar ta saurare ta har ƙarshe. Ta ce tunda ta kawo kanta ba za a kai maganar gaba ba, amma an karɓe mata shiga databes har ta gama makaranta. Abin da take buƙata ta nema a littattafan da ke kan kantocin laburare.

A gida kuwa wuta ta tashi. Yaya ya ce dama ya faɗa, wannan ba mijin rufin asiri ba ne. Umma ta yi kuka, ta ce mutumin da zai kai 'yarta ƙara tun a waje, in ta shiga gidansa sai yaya? Ta hana shi zuwa, ta hana waya. Abba dai ya tambayi Auta yadda aka yi, ta gaya masa komai ba ta rage ba, ya gyaɗa kai ya shige ɗaki.

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Auta tsawo. Kullum tana ganin Malam, ba ta da damar magana da shi sai ta aiki. Shi ya yi ta bin kamfanin da saƙonni har aka buɗe wa makaranta. Ita kuma duk safiya sai ta tarar da manyan kundayen ƙa'idoji a kan teburin da take zama, an saƙala 'yar takarda a shafin haya. Ba gaisuwa a jiki, ba komai, amma ta san aikin Malam ne. Haka ta yi ta kwafa da hannu har yatsunta suka yi kanta, ta miƙa aikinta a kan lokaci, ta kuma ci.

Wata safiya ta je mayar da littattafai, sai ta hango Abba zaune a kujerar baya, hularsa a gwiwa, yana kallon Malam na koya wa wani sabon ɗalibi tace bincike. Ta laɓe bayan kantar littattafai. Da ɗalibin ya tashi, Abba ya matsa. Malam ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Zauna, ɗana. Tambaya ɗaya na zo da ita. Ka san za ka iya rasa ta a kan abin da ka yi?"

"Na sani, Abba. Ban yi barcin kirki ba tun ranar."

"To me ya hana ka rufa mata?"

"Abin ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni. In na fara yi mata ƙarya yau don ina son ta, gobe ba za ta san wace maganata ce gaskiya ba."

Abba ya gyaɗa kai. "Yayanta ya goge duk abin da suka kwasa, na tsaya a kansa. Zai zo ya ba shugabarku haƙuri, kai ma zai ba ka. Uwarta kuma ka bar ni da ita." Ya sa hularsa. "Ka ƙi ba ɗana abin da ba naka ba. Ni kuma zan ba ka abin da yake nawa. Ka turo manyanka."

Malam ya sake rusunawa yana ta godiya.

Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya suka faɗa. Son da zai sa a ci amana dominka, wata rana kai zai ci wa amana. Wanda ya riƙe ajiyar mutane har ta kusa raba shi da abin da yake so, shi ya cancanci a ba shi ajiyar da ta fi kowace tsada.

Abba ya nufi ƙofa, da ya zo daidai kantar da Auta ke laɓe bai ko waiga ba.

"Fito, Auta, tun ɗazu nake ganin takalminki. Je ki ba shi haƙuri, ina jiranki a mota."