Accar Farfesa Datong

Da safiyar Litinin aka kawo rahoto cewa an sace acca a wata cibiyar bincike a Jos. Insfekta Klaudiya ta zaci buhuna ne. Da ta je, sai aka nuna mata gurbin wani ɗan akwati na ƙananan kwalabe a cikin firji.

Mai accar shi ne Farfesa Datong, masanin ƙwayoyin gadon tsirrai, aminin marigayi babanta. Shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta.

"Klaudiya, wannan ba accar tuwo ba ce," in ji shi. "Iri ne na ƙauyuka daban-daban, ni na hau duwatsu na tattaro. Takardar da na rubuta a kai, duk Filato ba wadda masana ke ambata kamarta."

"To, Baba."

Ta duba ƙofa, ba a fasa ba. Ɓarawon ya tsallake kwamfuta biyu ya ɗauki acca.

Dakta Modupe ce ke ƙirga sau nawa aka ambaci aikin kowane malami, don da wannan ake ƙarin girma.

"Da gaske shi ne kan gaba?" Klaudiya ta tambaye ta.

"Shi ne, madam. Sai dai na'ura ƙirgawa take yi, ba ta karatu. Ni na karanta. Yawancin masu ambatarsa cewa suke sun gwada, ba su ga abin da oga ya gani ba. Sun ce a aika musu da irin su auna da kansu."

"Yaushe za a aika?"

"Yau."

Farfesa ya ce jiya ya wuni a taron dattawan coci. Da ta tambayi faston cocin, ya ce ai an ɗage taron.

Klaudiya ta nufi gidan Farfesa a Nasarawa Gwom tana roƙon Allah kada ta ga komai. A bayan kicin ta iske kaji suna ta tsattsagar acca, ga ƙananan kwalabe a kwandon shara, kowace da sunan ƙauye.

Farfesa ya fito, ya dubi kajin, ya cire tabarau.

"Baba, wane ƙauye ne wannan?" Idonta na ƙasa.

"Laranto," ya ce a hankali. "A kasuwa na saya, nan cikin Jos, wurin mace ɗaya. Damina ce, gwiwata ta hana ni hawa. Na rarraba a kwalabe, na raɗa musu suna. Ban zaci wani zai karanta ba, 'yata. Na zaci ƙirgawa kawai za su yi."

"Kun kawo rahoton ƙarya, Baba. Sai mun je ofis."

Ta ɓoye ankwa a jaka, ta buɗe masa ƙofar mota da hannu biyu. Sai ga matarsa ta leƙo daga kicin da murna.

"A'a, Klaudiya! Za ki tafi da Babanki ko abinci ba ki ci ba?"

Klaudiya ta ce wa direba ya ja.