Hanyar Iska

Yammacin ya fara kamar kowane yammaci. Rana ta faɗa bayan jerin shagunan da suka jingina da katangar gidan, aka ɗauke wuta, injinan shagunan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mai gidan, wanda unguwa ke kira Mai Zane domin shi ke tsara gidaje da kasuwanni a takarda kafin a aza tubali, yana falo ya sunkuya a kan aikinsa. Matarsa tana kicin. Mahaifiyarsa, da kowa ke ce wa Kaka, tana alwala. 'Yarsu tilo kuwa, da suke kira Auta, tana kwance a ɗakin baya, tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Sai dutse ya daki katangar baya. Wani ya biyo shi. Mai Zane ya fita da niyyar yi wa yaran maƙwabta faɗa, ya tarar da abin al'ajabi: daga cikin tsakar gidan duwatsun ke tashi, suna dukan katangar, kuma babu hannun da ke jifa. Da ya juyo, ya ji tari a lungun da babu kowa, tarin mace, mai nauyi da gajiya.

Tun daga ranar, magariba ba ta ƙara zuwa gidan ita kaɗai ba.

Fukar Auta ta tsananta. Uwarta ta kai ta asibiti, ta dawo da magani da kuma maganar likita: "Iskar gidanku ce ke damun ta. Ku raba ta da ita."

Kaka ta tafa hannu. "To, ga shi nan. Likita ma ya gani."

"Inna, iskar shaƙa yake nufi," in ji Mai Zane.

"Iskar shaƙa ce ke jifa da duwatsu? Karatun naka bai kai nan ba?"

Mai Zane ya ce a ransa za su tashi idan an gama sabuwar unguwar da yake zanawa. Kaka kuwa ta ɗauki nata aikin. Kullum da magariba takan rufe ƙofa da taga, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare da saiwoyi, ta lulluɓe jikarta da mayafi domin hayaƙin ya ratsa ta.

"Tsohuwa," Auta takan ce tana dariya tana tari, "kin fi injin mai walda hayaƙi."

"Rufe baki ki shaƙa, ja'ira. Ni na raini ubanki."

Da ƙauna take yi, kuma babu wanda ya iya hana ta.

Ranar da Auta ta daina dariya, ta zauna tsaye a kan gado tana kallon bango da idon da ba nata ba, sai aka kira wani malami mai ilimi da natsuwa. Ya iso rana na gab da faɗuwa. Ya dubi kaskon, ya sa aka fitar da shi. Ya zauna daga gefen gado ya fara karatu a hankali, injinan bayan katanga suna ruri. Can yarinyar ta karkace wuya, bakinta ya buɗe, muryar wata dattijuwa ta fito.

"Sassauta, Malam. Ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke? Me kika nema a jikin baiwar Allah?"

"Mu masu wucewa ne. Nan hanyarmu ce tun kafin a haifi kakan wannan." Hannun Auta ya ɗago ya nuna ubanta. "Tambaye shi. A zanensa na fari na unguwar nan akwai fili da bishiyoyi tsakanin gidaje da shaguna. Ina filin yake?"

Mai Zane ya sunkuyar da kai. "Mai ginin ya ce ɓarnar ƙasa ce. Na goge shi na sa shaguna."

"Ka sa shaguna, ka jera bututun injinansu a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, ka ɗaga katanga. Iska ta zo ta rasa mafita, hayaƙi ya kwanta a gidan kamar ruwa a kwari. Mu ma muna numfashi, Malam. Ɗana a lungun nan ya cika. Na yi ta jifan katangar ko za ku gane ku fasa ta. Sai kuka ƙaro mana kasko."

Kaka ta dafe ƙirji, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Duk da haka ba ki da hakkin zama a jikinta," in ji malamin. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Na ji tana ja irin jan da ɗana ya yi, na shigo ina taya ta. Zan fita. Amma in na fita, ita kaɗai za ta ja. Sharaɗina ɗaya. Unguwar da yake zanawa, ya bar mana hanya. Ya nisanta shaguna da injina daga makwancin yara. Ya sa tagogi su fuskanci juna. Ya bar bishiyoyi tsaye."

"Na yi alkawari," in ji Mai Zane. "Ko za a kore ni daga aikin."

"To, ta ina zan bi? Kun toshe ko'ina."

Malamin ya sa aka buɗe ƙofar ɗaki, da ta falo, da ta waje. Labule ya ɗaga sau ɗaya ya sauka. Auta ta sulale a kan matashi. Malamin ya miƙe ya dubi uban.

"Wannan iskar ta tafi. Ɗayar kuwa, iskar shaƙa, ba ni da karatun da zai kore ta. Ku ɗauki yarinyar nan zuwa asibiti yanzu, kuma kada ku dawo da ita ɗakin nan."

Ba su dawo da ita ba. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙirjin ya riga ya gaji, kuma kafin damina ta sauka aka kai Auta makwancinta.

Mai Zane ya cika alkawari. Ya yi jayayya da mai ginin har ya samu abin da ya nema. Aka tara shaguna a bakin titi, aka shimfiɗa musu farantan hasken rana a rufi, injin da ya rage aka ware masa ɗaki can nesa da dogon bututu. Motoci suka tsaya a gefe, ƙafa ta bi ciki. Tsakanin gidajen aka bar fili mai faɗi da bishiyoyi, wanda mai ginin har yau yake kira asara.

A can suka koma, su uku. Kaka ta daina yawan magana. Da yamma takan sa a kai mata kujera bakin filin, ta zauna tana kallon 'ya'yan mutane suna guje-guje ba tare da tari ba. Idan ganye ya motsa, iska ta ratso tsakanin gidajen, sai ta janye ƙafafunta, ta ba da hanya.

"Ku wuce lafiya," takan ce a hankali. "In kun gan ta, ku gaya mata mun buɗe."