Wadda Aka Yanke Daga Hoto

"Ka goge su yau ɗin nan, Dogo."

"In goge me, 'yar hedimasta? Ai na yanke ki. Ko bakin gyalenki babu a ciki."

A ɗakin kwamfuta muke, saura minti biyar 'yan ajina su shigo. Dogo shi ne malamin kwamfuta, ni kuma nake riƙe da aji biyar. Tun farkon zango yake koya wa yarana jera hotuna, gyara haskensu, yanke abin da ba a so, sannan a tura wa iyaye. Shi yake ɗaukar hotunan. Sai jiya na gano cewa duk wanda ya ɗauka ni ce a tsakiya, yara a gefe. Sai ya yanke ni tukuna yake ba su.

Ya sassauta murya. "Wata takwas nake jira, sahibata. Ki bar ni in je wajen Abba."

"Na faɗa maka... tun da Umma ta rasu wa ya rage masa? Ni nake tuna masa magani, ni nake nemo masa tabarau. In ya ji maganar nan zai ce na gaji da shi."

Ƙofa ta buɗe. Abba ne, yara talatin a bayansa.

"Malam Dogo, iyaye sun kawo ƙara," in ji shi. "Wata ta ce ta juya wayarta sama ta juya ƙasa, ba ta gane 'yarta ba. Duk yaran dishi-dishi suke. Kyamarar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe."

"To haska mana su a bango."

Dogo ya haska. Abba ya ja kujera gaban kwamfuta, ya juya ga yara.

"Me Malam ya ce a yi idan gyara ya ɓaci?"

Suka haɗa baki: "A danna 'mayar da na asali'. Yanka ba ya goge komai!"

Abba kuwa bai iya zaɓen hoto ɗaya ba, sai ya zaɓe su kaf, ya danna.

Ga ni ina rubutu a allo. Ga ni na durƙusa ina ɗaure wa wata igiyar takalmi. Ga ni da alli a hanci. Ni ras, kamar a taɓa ni, yara kuwa sai ka ce ta labule aka hango su.

"Malama ce."

"Nan ma Malama."

"Malam, ni kunnena kawai ya fito."

Aji ya ruɗe da dariya. Na rasa inda zan sa fuskata. Abba ya ce a fita hutun tara, suka fita suna waige.

Ya gyara zaman tabarau. "Hoto nawa ne?"

"Ɗari da sha biyu, ranka ya daɗe."

"A nawa ne ba ta fito ba?"

"Uku... ranar ba ta zo ba."

"Na gan su. A cikinsu kaɗai ne yaran mutane suka fito da idanu."

Hawaye suka zubo mini. "Abba ka yi haƙuri. Wallahi na ce masa ya haƙura, ba zan iya barinka kai kaɗai ba..."

Abba ya mai da ido kan kwamfuta. Yana ta wuce hotuna har ya tsaya a kan ɗaya. Ina dariya a ciki, kaina a baya, hannuna a ƙirji.

"Zo nan, uwata. Dubi wannan."

Na matso.

"Shekara uku rabona da wannan dariyar. Na ɗauka ta bi mahaifiyarki." Ya nuna hoton da yatsa. "Ashe tana nan cikin makarantata, ana yanke ta ana ɓoye mini."

"Abba..."

"Tabarau kike gadi? Zan sa masa igiya in rataya a wuya. Magani kuma waya na iya tuna mini." Ya dubi Dogo. "Ina gidanka?"

"Layi biyu ne tsakaninmu, ranka ya daɗe."

"Ka auna ke nan."

"Tun tuni."

Abba ya tuntsire da dariya, yana share ido da bayan hannu.

"Ka zo gida da iyayenka ranar Asabar. Amma da sharaɗi. Gobe za a sake ɗaukar yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Ke kuma a bayansa za ki tsaya."

Dogo ya durƙusa yana godiya, har ya buga kai da gefen tebur. Na ƙyalƙyale da dariya, hawaye na sauka.

Abba ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo ya dube ni, ya dubi bango.

"Wannan kuwa ka turo mini a waya, Malam. Kada ka yanke komai."