Wayar da Aka Tono daga Kango

Ranar Talata ce, ana gab da kiran magariba, dutse na farko ya faɗo kan rufin gidan mai aikin wuta. Kafin ya ajiye buta, na biyu ya tarwatsa ƙwan fitilar tsakar gida. Ya leƙa bayan katanga, babu kowa. Shiru ya sauko, irin wanda ko kaji ba sa motsi a cikinsa.

Mako guda kafin nan aka sa shi ya tono tsohuwar waya a wani kango, irin mai sulken ƙarfe da ake binnewa a ƙasa. Mai kangon ya ce ya ɗauka. Ya ɓare sulken, ya zaro wayoyi huɗu na jan ƙarfe, masu kauri, lamba sha shida, ya jefa cikin tarin kayansa.

Jifa ta yi kwanaki, sannan abin ya koma kan 'yarsa Auta. Rana na faɗuwa sai ta sandare, ta yi ta gwara kanta da bango har jini ya rufe mata ido. Ranar da ta ɗaga uwarta ta maka ta da ƙofa, uban ya tafi ya ɗauko Malam.

Malam ya zauna, ya soma karatu a hankali. Can sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Tsoho, daina ƙona ni. Ba da kai nake ba."

"Me kake nema a jikinta?"

"Gidana. Ubanta ya tone shi, ya feɗe shi kamar akuya. Wayoyi huɗu ne. A kawo."

Mai aikin wuta ya ruga ɗakin ajiya, ya kwaso naɗi huɗu baƙaƙe. Auta ta sunsuna su ɗaya bayan ɗaya. A kan na huɗu ta tsaya, ta kama ɗan yatsanta na hagu, ta lanƙwasa shi baya har ya ce ƙas. Uwar ta kurma ihu.

Muryar ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Kai ne mai wuta? Mu da wuta aka yi mu. Kuskure ɗaya, yatsa ɗaya."

Uban ya ɗauki wayar ya duba. Rubutun jikin robar ya goge. Ya fere bakinta, ya ƙirga: sili bakwai, kamar sauran. Sai da ya haɗa bakin biyu a gaban tocila ya ga silin wannan ya fi siranta. Mai lamba goma ce. Ya birkice tarin, babu ta huɗun. Auta ta kama yatsa na gaba.

"Baban Auta!" in ji matarsa. "Ba ita ka ja daga mita zuwa cikin gida ba, ranar da siririyar ta narke?"

Ya fita da gudu, ya zare fis don kashe wuta, ya kwance wayar. Duk da haka wuta ta yi tsalle ta daki tafin hannunsa, ƙaurin nama ya tashi. Bai saki ba sai da ya fizgo ta.

Ya kawo ta, Auta ta sunsuna, muryar ta yi dariya. "Ita ce. Amma a bar mini hannun yarinyar, na saba da shi."

"Ko farce ba za ka samu ba," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu. Auta ta yi ta birgima, kumfa na fita daga bakinta.

"Tsaya!" in ji muryar. "A binne su inda aka tono, kafin isha'i."

"Ka rantse ba za ka dawo ba," in ji Malam.

Muryar ta rantse. Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Mai aikin wuta ya binne wayoyin da hannu ɗaya. Da ya dawo, ya tarar da Auta tana shan ruwa a cikin duhu. Yatsanta ya warke a karkace, shi kuma tabo ya zauna a tafin hannunsa. Dutse bai sake faɗowa ba.