Baƙin Lalle

"Inna, me ya sa kike ɗaura leda a hannu in za ki yi mana lalle? Kuma me ya sa ba kya yi wa Bashira?"

Adila ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana zaune a tabarmar 'Yar'azumi mai ƙunshi, maƙwabciyar da ke riƙe ta kullum in uwarta ta tafi aiki. Insfekta Yagana, da ta shigo ɗaukar 'yarta, ta harare ta. "Rufe mana baki, uwar surutu."

'Yar'azumi ta yi dariya. "Ƙyale ta. Bashirar tawa ce ba ta iya zama wuri ɗaya."

Washegari aka kawo ƙara ofis. Yaran unguwa na kwance a asibiti, zanen lallen da 'Yar'azumi ta yi musu ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa. Wata Shamsiyya ta tsotsi yatsa, maƙogwaro ya kumbura, numfashi da ƙyar. Likita na neman sanin abin da ke cikin lallen. Yagana ta tuna Adila tun asuba take susar hannu.

Ga ambaliya ta yanke hanya, babu motar da za ta fita daga Hadejia ta kai lallen gwaji Kano.

Yagana ta wuce gidan 'Yar'azumi. "Yaya, ina kika sayi lallen nan?"

"Wurin Usaini, a kasuwa," in ji 'Yar'azumi. "Ruwa da lemon tsami kawai nake sawa, tambayi kowa."

Yagana ta kankari ragowar kwaɓin da ya bushe a roba, ta nufi kasuwa.

"Ganye ne zalla, ranki ya daɗe, sabo fil," in ji Usaini.

Ta shinshina buhun. "Sabo ne ke warin fumfuna?"

Ya sosa ƙeya. "To, ruwa ya ɗan shigo rumfa."

Ta ɗebi garinsa, ta sayi rinin gashi a rumfar gefe, don ta san wasu na haɗa shi da lalle, tana fata a ranta Usaini ne mai laifin. In ba shi ba ne, wa za ta bar wa Adila gobe?

A ɗakin gwaje-gwajen wata sakandare, Malam Ibrahim, malamin kimiyya, ya jiƙa kowanne daban a sifirit, ya tace. Ya yanko dogayen takardun tacewa uku, ya ɗiga kowanne a ƙasan tasa, ya tsoma bakinsu cikin kofin gilashi.

"Sifirit zai hau takardar yana jan abin da ke ciki," ya ce. "Kowane sinadari da inda yake tsayawa."

Yagana ta zuba ido. Takardar Usaini ta nuna launi biyu, kore da ruwan goro. Ta 'Yar'azumi ma haka. Yagana ta yi ajiyar zuciya.

"Dakata, Insfekta. Bari su sha iska."

A hankali wani tabo ya fito a takardar 'Yar'azumi, yana duhu har ya yi baƙi. Daidai tsayinsa, irinsa ya fito a takardar rinin. Ta Usaini ba ta sauya ba.

Nan take Yagana ta buga wa likita waya ta faɗa masa rinin gashi ne.

Da la'asar ta shimfiɗa takardun a tabarmar 'Yar'azumi. "Yaya, miƙo hannun Bashira in zana mata ragowar kwaɓinki."

'Yar'azumi ta fizge yarinyar ta ɓoye a bayanta. "Kar ki taɓa ta!"

"Don me?"

'Yar'azumi ta durƙushe tana kuka. "Lallen ya jiƙe, ya daina kamawa, ga iyaye sai baƙi suke so. Na zuba rini. Da ya saɓule mini yatsu na koma leda. Na ɗauka kaɗan ba zai yi komai ba."

"Kin tsare hannunki, kin tsare 'yarki. Tawa fa, da na bar miki amana?"

Wata 'yar sanda da ta rako Yagana ta tayar da 'Yar'azumi, suka nufi mota. Yagana ta tsaya a tsakar gida, Adila a hannun dama, Bashira a hagu, ba ta san inda za ta kai su gobe ba.

Ke uwa mai karanta wannan, lalle ja yake kamawa, kuma a hankali. Duk wanda ya yi baƙi nan take, kada ki bari ya taɓa fatar 'yarki, ko da kwano ɗaya kuke ci da mai ƙunshin.